Opposite ko antonym: wace za a fara koya wa yaro?

Ƙanwata da ke aji uku a wata sakandare a Katsina ta tare ni da tambaya: "Yaya, malaminmu ya ce antonym, takardar WAEC kuma ta ce opposite. Wanne ne daidai?" Duka daidai ne, amma faɗin aikinsu ba ɗaya ba.

Antonym kalmar aji ce. Asalinta Girkanci, sai a ƙarni na 19 ta shiga Turanci, kuma aikinta guda: kalmar da ma'anarta ke kishiyantar wata, kamar zafi da sanyi, ko saye da sayarwa. Abin da malaman Hausa ke kira kishiyar kalma ke nan. Ba ta wuce nan.

Opposite kuwa, wadda ta samo tushe daga Latin, ta fi yawo. Tana ɗaukar duk aikin antonym, ta ƙara da nata. Idan baƙo ya nemi kwatance a Ƙofar Ƙaura, ka ce shagon yana opposite da masallaci, kana nufin suna kallon juna, titi ya raba su. Ana faɗinta ga hali ma, wa mai haƙuri, ƙane mai zafin rai. Har 'yan Keke Napep sun ɗauke ta, ina jin ta kullum a bakinsu. Antonym ba ta shiga ko ɗaya cikin waɗannan wurare.

Ni dai opposite na fara koya mata, domin da ita ake yi mata tambaya a jarrabawa, da ita kuma za ta yi magana a titi. Antonym ta biyo baya, ranar da muka zauna darasin nahawu.