Sharhi Kan Haidiromita ta Gilashi, Ma'aunin Mai Dafa Giya a Gida

Na sayi haidiromita ta gilashi, wato ma'aunin nauyin ruwa, ne bayan da kwalabe huɗu suka fashe mini cikin dare guda a ɗakin ajiya, kuma da gari ya waye ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba sai kaina. Na bi wata shawara ce da ta daɗe tana yawo a bakin masu dafa giya a gida, wai da zarar 'yar kwalbar fitar da iska da ke kan murfin bokiti ta daina kumfa, to yis, wato yisti mai tsimar da giya, ya gama aikinsa, sai a ɗura a kwalabe. Waɗanda suka faɗa mini haka mutane ne masu kyakkyawar niyya, wasunsu ma sun riga ni shiga harkar da shekaru, amma babu wanda ya tambaye ni ko murfin bokitina yana rufuwa ruf. Ashe iska tana zurarewa ta gefen murfin, kumfa ya tsaya alhali sukari yana nan jibge a cikin ruwan, yis kuwa ya ci gaba da cinsa bayan an toshe kwalaben. Shekara uku ke nan da wannan ta'adi, kuma tun daga ranar ban sake dafa ko lita ɗaya ba sai da wannan ma'auni a gefena.

Kayan ba shi da wani ado. Siririn bututun gilashi ne mai tsawon kimanin santimita 25, gindinsa ya ɗan kumbura, an zuba masa ƙananan ƙwayoyin ƙarfe domin ya tsaya ƙyam a cikin ruwa, a cikin wuyansa kuma an naɗe takarda mai jerin lambobi uku. Jeri na farko yana nuna nauyin ruwan idan aka kwatanta shi da ruwa zalla, daga 0.990 zuwa sama da 1.150, na biyu yana nuna yawan sukari a ma'aunin Balling, na uku kuma hasashe ne na yawan barasar da za a iya samu. Ya zo a cikin kwanson roba tare da 'yar takardar bayani, amma ba a haɗo da dogon kofin awo ba, sai da na saye shi daban, abin da nake ganin rowa ce tunda ɗayan ba ya aiki sai da ɗayan.

Hikimar da ke bayansa tsohuwa ce, tun daga zamanin Arkimidis, masanin tsohuwar Girka: abu yana nutsewa sosai a ruwa mara nauyi, yana kuma tasowa a ruwa mai nauyi. Ruwa zalla yana nuna 1.000. Ruwan tsiro, wato ruwan zaƙin da ake samu bayan an jiƙa niƙaƙƙen tsiron sha'ir a ruwan zafi, ya fi haka nauyi saboda sukarin da ya narke a cikinsa, shi ya sa ma'aunin ke tasowa. Idan yis ya kama aiki yana juya sukarin zuwa barasa da iskar kabon, kuma da yake barasa ba ta kai ruwa nauyi ba, domin nauyinta kimanin 0.79 ne, kowace rana sai ma'aunin ya ƙara nutsewa. Masu dafa giya na Ingila sun rungumi irin wannan awo bayan John Richardson ya bayyana nasa ma'aunin sukarin a 1784, sannan a 1843 masanin sinadarai Karl Balling na birnin Prague ya tsara ma'aunin da ke ɗauke da sunansa, wanda Fritz Plato ya ƙara gyarawa daga baya. Digiri ɗaya a wannan ma'auni yana nufin giram ɗaya na sukari a cikin giram 100 na ruwan tsiro, don haka 1.040 ya yi daidai da kimanin digiri 10.

A aikace awo biyu ne ke da muhimmanci, ɗaya kafin a zuba yis, ɗaya bayan ya gama. Idan na farko ya nuna 1.050, na ƙarshe kuma 1.010, sai a cire wannan daga wancan a ninka da 131.25, a sami barasa kashi 5.25 cikin ɗari. Amma amfaninsa mafi girma a wurina shi ne tabbatar da cewa aikin ya ƙare da gaske, kuma hanyar ita ce a auna yau, a sake aunawa bayan kwana biyu ko uku, idan lambar ba ta motsa ba, kuma ta sauko inda ake tsammani ga irin yis ɗin, sai a ɗura. Da na san haka tun farko da ban yi asarar kwalabe ba. Sukarin da ake ƙarawa da gangan a lokacin ɗurawa domin giya ta yi kumfa bai cika wuce giram shida ko bakwai a kowace lita ba, amma wanda ya ɗura a 1.018 giyar da ya kamata ta sauka zuwa 1.010 ya bar wa yis fiye da giram 15 a kowace lita ban da wancan, kuma ba kowace kwalba ce za ta jure wannan matsi ba.

Inda ma'aunin ya fi burge ni shi ne yadda ya ba ni damar tantance shawarwarin da ake ta miƙa wa juna. Masu wannan harka mutane ne masu kyautar ilmi, ba sa ɓoye abin da suka sani, sai dai ilmin nasu gaurayayye ne, akwai tsaba akwai tsakuwa, kuma mai faɗar gaskiya da mai maimaita abin da ya ji dukansu da ƙarfin murya ɗaya suke magana. An ce mini zafin ruwan da ake jiƙa tsiro yana canza yadda giya ke ƙarewa, na gwada da tsiro iri ɗaya da yis iri ɗaya, sau ɗaya a digiri 64 na Salshiyas, sau ɗaya a digiri 69. Ta farko ta sauka har 1.008, ta fito sakayau, ta biyu ta tsaya a 1.015, ta fi kauri a baki. Wannan shawara ta tabbata, kuma dalilinta sananne ne, domin sinadarin tsiro da ke yanka sitaci zuwa sukarin da yis ke iya ci ya fi aiki a ƙananan digiri, yana kuma saurin lalacewa idan zafi ya hau. An kuma ce mini kwana bakwai cif ne tsimuwar kowace giya, amma ma'aunin ya nuna mini wadda ta gama a kwana huɗu cikin ɗaki mai ɗumi, da wadda ta kai kwana goma sha biyu tana saukowa a hankali cikin sanyi. Yanzu idan wani ya ba ni shawara, abin da nake fara tambayarsa shi ne lambobin da ya auna, kuma amsarsa takan nuna mini nauyin da zan ba maganar.

Duk da haka kayan yana da aibu, kuma ba ƙanana ba. Na farko shi ne rashin ƙwari, domin gilashin siriri ne ƙwarai, kuma idan aka ajiye shi a kan tebur sai ya gangara da kansa. Wanda nake amfani da shi yanzu shi ne na biyu. Sannan kowane awo yana cin kimanin mililita 150 zuwa 200, wanda bai kamata a mayar cikin bokiti ba saboda gudun shigar da ƙwayoyin cuta masu tsamar da giya. Ga mai dafa lita 20 wannan ba asara ba ce, ni ma nakan ɗanɗana abin da na auna, amma ga mai dafa lita huɗu awo uku ya cinye kaso mai tsoka.

Babban ƙorafina yana kan takardar bayanin, wadda ta yi shiru a kan abubuwan da ke ɓatar da sabon shiga. An daidaita ma'aunin ne a digiri 20, wasu kuma a digiri 15.6, kuma an buga wannan da ƙananan haruffa a can ƙasan takardar da ke cikin gilashin. Ruwa mai ɗumi ya fi sakayau, saboda haka awo a digiri 30 yana ragewa da kusan 0.003, a digiri 60 kuwa kuskuren ya kai kimanin 0.015, ban da haɗarin tsagewar gilashin. Ba a kuma bayyana cewa ruwa yana ɗan hawa jikin bututun ba, ko cewa a yawancin irin waɗannan ma'aunai a daidai shimfiɗar ruwan ake karantawa, ido yana daidai da ita. Ƙananan kumfa da ke manne wa gilashin suna ɗaga shi su ƙara lamba, sai an murza shi da yatsu kafin a karanta. Jerin hasashen barasa kuma ya fi ruɗarwa a kan taimako, domin mutane da yawa suna tsoma ma'aunin a giyar da ta gama su karanta kashi ɗaya ko biyu, su ɗauka ƙarfinta ke nan, alhali sai an cire awo na ƙarshe daga na farko. Takardar da ke cikin wuyan ma tana iya zamewa: na farkon da na saya yana nuna 1.002 a tataccen ruwa mai digiri 20, don haka kullum sai na cire 0.002 daga abin da na gani.

Akwai masu fifita rifraktomita, wata na'ura mai auna sukari ta hanyar karkatar haske a cikin ruwa, wadda ɗigo biyu ko uku ya ishe ta, kuma a ranar dafawa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma da zarar barasa ta shiga ruwan sai ta karkatar da hasken da na'urar ke dogara da shi, lambar ta fito sama da gaskiya, sai an yi lissafin gyara wanda shi kansa yana buƙatar awon farko. Domin sanin ƙarshen tsimuwa na fi amincewa da haidiromita. Ita ma tana da iyaka, domin nauyi kaɗai take aunawa, ba ta sanin ko giya ta yi tsami ko ta ɗauki wari, wannan aikin hanci da harshe ne.

Ina ba duk mai dafawa a gida shawarar ya mallake ta tun daga dafawarsa ta farko, ya haɗa da kofin awo mai faɗin gindi da ma'aunin zafi, ya kuma gwada ta a tataccen ruwa ranar da ya buɗe kwanson. Wanda ya riga ya saba zai amfana da ƙarin wata mai gajeren jeri, daga kusan 0.990 zuwa 1.020, wadda layukanta ke da tazara har ana iya bambanta 1.011 da 1.012 ba tare da an ƙanƙance ido ba. Tawa tana cikin kwansonta a aljihun tebur, an naɗe ta da tsumma, tare da littafin da nake rubuta kwanan wata da zafin ruwa da lambar kowane awo.