Shagon ulu da zare na lungun Bab Sharif: kayansu sun yi, amma ki duba takardar jikin ulu da idonki

Wata takwas kenan ina sayen kayan saƙa a wani shago da ke cikin lungunan Bab Sharif a Balad, wato tsohon gari a nan Jidda, to yanzu kam ina ganin na san shi sanin da zan iya faɗin gaskiya a kansa. Sunan shagon ba zan kama ba, don akwai abin da suka min wanda bai min daɗi ba kuma sai na faɗe shi, ni kuwa bana son a ce na ɓata wa bawan Allah kasuwa. Irin shagunan nan ne da Larabawa ke ce wa mahallin kulaf, wato inda ake sayar da tarkacen tela, su botin da zif da leshin baki da duwatsun kwalliya da almakashi da allurai, sai dai shi wannan ya fi ba da ƙarfi a ulu da zaren ɗinkin hannu, har da ɗan kantar littattafai a can ƙurya.

Kafin na gano shi a shagunan abu khamsa nake sayen ulu, waɗanda komai riyal biyar ɗin nan. Araha kam akwai, amma ai an ce araha ba ta ado. Na taɓa saƙa wa jaririyar maƙociyata riga da safa na suna, wanki biyu kacal ulun ya tashi ya ƙudundune kamar an yi shekara ana sawa, duk sanda na ga yarinyar da rigar sai in ji kamar in nitse.

Ulun wannan shagon mafi yawa na Turkiyya ne, su Alize da YarnArt da Nako da Himalaya, an jera su bango guda tun daga ƙasa har rufi kala-kala, in kin shiga sai kin yi da gaske ki tuna abin da ya kawo ki. Wanda na fi saya shi ne Alize Cotton Gold, kashi 55 auduga kashi 45 akirilik, dunƙule ɗaya giram 100 ne mita 330, yana da auki sosai, da kwarashi mai lamba 3 nake saƙa shi. Dalilina kuwa zafin Jidda ne. Garin nan ga zafi ga gumi na bakin teku, in kika saƙa wa jariri akirilik zalla wallahi ƙurajen zafi za ki jawo masa, uwar ta yi ta godiya a baki tana jefa kayan ƙasan akwati. Mai kauri irin Dolphin Baby na Himalaya, wanda yake da laushi kamar karan-miski, shi kuma na bargo ne da 'yan tsana, mita 120 kawai ke cikin giram 100 shi ya sa yake saurin ƙarewa, ni sai in zan aika gida Kano lokacin hunturu nake taɓa shi. Kuma in kin yi kuskure a cikinsa warwarewa aiki ne, ga idon saƙar ba ya ganuwa, 'yar koyo kar ma ta fara da shi.

Mai shagon wani dattijo ne ɗan Yaman, Ammu nake ce masa kamar yadda kowa ke ce masa, kuma abin da ya sa na liƙe masa ya san kayansa. Ranar farko na ɗauko wani ulu marar takarda a kwandon ragi na tambaye shi ko suf ne na gaske, wato gashin tunkiya, bai ce min e ko a'a ba, sai ya gutsiro ɗan sili ya fita bakin ƙofa ya kunna masa laita. Abin ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri yana warin leda. Yace kin gani ya ukhti, roba ce, da gashi ne da warin ƙonannen gashi za ki ji ya murmushe a hannu, da auduga ce kuma ta ci kamar takarda ta bar toka. Ɗan kasuwar da zai ƙona kayansa don ya nuna miki ba shi ne abin da kike nema ba, ai ba kullum ake samunsa ba.

Inda shagon ya fi burge ni shi ne wajen zaren ɗinkin hannu, kuma ba ni ce ma na gano darajarsa ba, Goggona ce. Ta zo Umara kafin azumi, da ta gama sai muka ɗauko ta daga Makka ta yi mana sati biyu. Ita kuwa tun tana budurwa take ɗinkin hula, zanna da ƙube, da shi ta aurar da 'ya'ya, idonta ya ɗan yi rauni yanzu amma hannun na nan. Nace Goggo shirya in kai ki inda za ki ga zare. Tace 'yar nan wane zare ne ban gani ba a Kurmi? Muka je bayan la'asar, Ammu ya jawo mata kujera yana ta ya hajja ya hajja, ya buɗe durowar DMC. Zaren Faransa ne, kamfanin ya samo asali tun 1746 a garin Mulhouse, kowane ɗauri mita 8 ne sili shida, kuma kowace kala da lambarta, 310 baƙi, 321 ja, B5200 fari tas. Amfanin lambar nan shi ne in zare ya ƙare miki a tsakiyar aiki ba sai kin yi ta yawo da guntu kina gwadawa ba, lamba kawai za ki faɗa.

Goggo ba ta damu da wata lamba ba. Ta ɗauki jan, ta ware sili biyu da farce, ta ja su tsakanin yatsu har ƙarshe ta ga ba su yi gashi ba, ta ɗaga wajen fitila tana kallon sheƙin, sannan ta kwance bakin mayafinta fari ta jiƙa da ruwan gorar da ke hannuna ta murza zaren a ciki da ƙarfi. Ta buɗe, fes. Tace to wannan ba ya zuba. Ni ina tsakiya ina tafinta, Ammu na dariya yana cewa wannan hajiyar mu'allima ce. Ta ba ni labarin wata hula da ta shafe kusan wata biyu tana ɗinkawa, mai ita ya kai wa masu wankin hula, jan zaren ya zuba cikin farin, aikin wata biyu ya tafi a ruwa ɗaya. Shi ya sa da Ammu ya nuna mata wani mai araha da ake kwaikwayon na asalin, wanda kuɗin DMC ɗaya zai sayi kusan uku nasa, ko taɓawa ba ta yi ba. Shi ma bai ɓoye ba, ya ware su a kwali daban yace wannan na yara 'yan makaranta ne. Akwai zaren kamfanin Anchor ma amma kalolinsa ba su cika ba.

Yadin itamin, wanda ake ɗinkin gicciye a kansa, suna da mai ido 11 da 14 da 18, lambar tana nufin yawan ido a inci ɗaya, in ta yi sama idon ya ƙara ƙanƙanta. Mai 14 shi ne daidai ga yawancinmu, da allura marar tsini lamba 24 da sili biyu. Zoben katakon da ake ɗame yadi, tara suke ce masa, nasu na katako yana riƙewa, na robar kuwa kar ki saya, sakin yadi yake. Kwarashi akwai na Clover da Tulip na Japan masu mariƙi mai laushi, da tsada kam, amma wadda ke saƙar sayarwa tana kwana tana yi har yatsa ya yi kanta za ta gane inda kuɗinta ya tafi. Kibiyoyin saƙa ma akwai, ban saya ba, ni ba gwanar kibiya ba ce.

To sai littattafai, nan ne jikina ya yi sanyi. Kanta ɗaya ce, rabinta tsofaffin mujallun Turkiyya da rana ta dafa bangonsu, sai na Larabci da aka fassaro, sai na Turanci kaɗan, sai 'yan na Japan guda nawa. Babu tsari, na ɗinki a cikin na saƙa, wasu an naɗe da leda an hana buɗewa, to ta yaya zan sayi littafin zane ban ga zanen ba? Sai da na roƙa aka buɗe min ɗaya. Na Larabcin suna da sauƙi ga wadda ta tashi a nan, silsila ita ce sarƙa, hashu gajeren ido, amud dogo, amma fassarar wani wuri a hargitse take, na bi wani zanen hular jariri layi-layi ta fito kamar murfin kwano. Na Turancin kuma akwai tarko, mutanen Amurka da na Ingila ba suna ɗaya suke kiran idon saƙa ba, abin da Ba'amurke zai kira mai ɗaya shi Bature ɗan Ingila yake kira mai biyu, in ba ki duba inda aka buga littafin ba sai ki saƙa riga ta fito ninki a tsawo ko ta tsuke.

Abin mamaki wanda ya fi min amfani shi ne na Japan da ko harafi ɗaya bana iya karantawa. Su da alama suke zana komai, ɗan ƙwai shi ne sarƙa, gicciye gajeren ido, mai kama da T da aka ja wa layi a ciki dogon ido, kina kallon zanen kina ganin yadda abin zai fito tun daga tsakiya har baki. Goggo da ba ta yi boko ba ta karɓa ta juya shafi biyu ta gane, tace ai wannan kamar zanen hula ne da ake yi a kan farin yadi kafin a fara. Sannan ta tambaye ni, cikin duk littattafan nan babu na hula ko na aikin babbar riga? Nace Goggo babu. Babu aska takwas, babu aska biyu, babu komai namu, da Hausa kuwa ko takarda ɗaya. Ba laifin Ammu ba ne wannan, abin da aka buga shi zai sayar, amma abin ya tsaya min a rai, ga Hausawa cike da Jidda da Makka tun zamanin da kakanni ke tahowa a ƙafa ta Sudan, ga hannu ga basira, komai kuma yana cikin kan tsofaffi. Tun a tasi muna komawa na fara ɗaukar muryar Goggo a waya tana min bayanin yadda take tayar da hula.

Yanzu ga abin da suka min. Wata Hajiya ta ba ni aikin babban shawul na goyo ruwan toka, na lissafa dunƙule shida, na je ranar Ammu baya nan sai yaron shagon. Guda huɗu ne a kanta, ya shiga sito ya ƙaro biyu ya zuba a leda, na tambaye shi duk ɗaya ne? Yace nafsu shai, wato duk ɗaya ne, lamba ɗaya. Lambar kala kam ɗaya ce, amma akwai wata lamba ta biyu a jikin takardar, ta rukunin rini, na Turkiyya suna rubuta lot ko parti a wajen, ita ce ke nuna an rina su a tukunya ɗaya. Ban duba ba. A ɗaki ƙarƙashin fitila ban ga komai ba, sai da na gama na wanke na hau saman bene zan shanya, rana ta haska shi, sai ga layi ya raba shawul ɗin, ƙasan ya fi saman duhu kamar an zuba masa shayi. Na zauna a kan bokiti na rasa abin cewa. Kwana goma sha ɗaya na aiki.

Na koma da fatura, wato rasit, suka ce wanda aka saƙa ba ya dawowa, wannan na yarda, amma ko ragi yaron bai so ya min ba a kan sabbin da zan saya, yana ta cewa ai kala ɗaya ce. Sai da Ammu ya zo ya ga hoton a wayata ya yi masa faɗa, ya shiga sito da kansa ya tono biyu masu lambar farko, ya cire min kuɗin ɗaya. Na gode, amma warwarar kusan kashi ɗaya cikin uku na shawul ni na yi ta, ba su ba. Rabin laifin nawa ne na sani, tunda na san da lambar, sai dai mai sayar da ulu bai kamata a ce sai mai saye ta koya masa wannan ba.

Sauran ƙananan abubuwa, farashin da ke manne a kanta wani da harajin VAT na sayayya wani babu, kuma tun Yulin 2020 harajin nan ya koma kashi 15, to ki tambaya kafin a buga kar ki ga lissafi ya haura a wajen biya. Suna karɓar katin mada, wato katin banki na nan Saudiyya. In kin sayi dozin suna ragi amma sai kin buɗe baki kin nema. Da azahar a rufe suke sai bayan la'asar, Juma'a da safe kar ki wahalar da kanki, wajen ajiye mota kuwa a Balad kin san halinsa, gara tasi ta sauke ki ki taka. Shagon ƙunci ne da shi, mata uku in suka shigo da yara an cika.

Goggo ta koma da ɗauri arba'in a cikin jakar hannunta, ta hana a sa su a akwati wai kar kaya su ɓata. Shekaranjiya ta kira tace jan ya kusa ƙarewa, in na samu mai tahowa in aiko mata da goma, ta ma haddace lambar yanzu, 321. Ranar Asabar zan leƙa in Allah ya kai mu, in Ammu baya nan kuma in juyo.