Daga Marsey ta Faransa: adon sanyi da aikin dukawan Marwa ta Kamaru

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Inna da yara. Kin ce in duba ko kayan Marwa za su samu shiga a nan. Ga abin da idona ya gani.

Sanyi ya kankama. Da ƙarfe biyar rana ta faɗi, iskar da suke kira mistaral kuma har ƙashi take shiga. Tunda zaman ɗaki ya kama kowa, sai su duƙufa wajen ƙawata gida da kyandir, da ƙananan fitilu a taga, da 'yan mutum-mutumin yumɓu da ake kira santon. Tun 1803 kasuwarsu take ci a Marsey, yanzu daga Nuwamba zuwa farkon Janairu. Yumɓun ake dannawa a abin zubi, a shanya, a gasa, sannan a yi masa fenti da hannu. Ga makiyayi da ɗan rago a kafaɗa, ga mai gasa burodi, ga mai tallar kifi da kwandonta, wani bai fi ɗan yatsa tsawo ba amma har ninkin ɗankwali sai kin gani. Na Kirsimeti ne, ana jera su kewaye da siffar haihuwar Annabi Isa. Ban sa su a ɗakina ba, kin san tarbiyyar gidanmu, amma aikin ya burge ni.

Wanda na tambaya Yuro 15 ne, kusan jaka goma kuɗinmu na sefa, kuma babu tayi. Na juya gindinsa, sai ga tambarin wanda ya yi shi. Mai rumfar ya naɗe wa wata tsohuwa nata a takarda mai laushi, ya sa a kwali, ya haɗa da rasit. Wannan tambarin da wannan kwalin su ne rabin kuɗin, a ganina.

Abin ya tsaya mini a rai, Yaya. Tumtum ɗin fata da na gani a unguwar Nowayi bai kama ƙafar na dukawan da ke rumfunan bakin babbar kasuwarmu ba, ko a ɗinki ko a rini. Amma namu haka yake fita babu suna, a taya shi har mai shi ya sallama don kuɗin cefane. Gyara ma mun fi su: a gida baduku zai ɗinke miki kina zaune, a nan kuɗin gyara kan sa mutum ya haƙura ya sayi sabo.

Faifan da Inna ta ba ni su na jera a bango, maƙwabciyata kuwa ta dame ni da tambayar inda ake sayarwa. Ki fara turo faifai, da ƙwarya mai zane, da tumtum ba a cusa ba. A zaɓi fatar da ta jemu sosai, don ɗakunan nan a rufe suke, wari ba ya ɓuya. Kada a sa na fatar kada ko mesa, kwastan na kamawa in babu takardar izini. Kowanne kuma a rubuta sunan mai aikin a jiki.