Django a Ɗakin Labarai: Abin da Sabon Mai Rubuta Manhaja Zai Tarar

Duk wanda ya fara aikin rubuta manhaja a gidan jarida zai gane tun a makon farko cewa lokaci ba ya jiran kowa a ɗakin labarai. Edita yakan zo da hantsi ya ce yana son shafin da zai nuna sakamakon zaɓe daga kowace ƙaramar hukuma, kuma yana son ganinsa a kan intanet kafin magariba, domin idan aka kwana labarin ya zama tsohon zance. A irin wannan yanayi na fara amfani da Django, wato tsarin gina shafukan intanet da aka rubuta da harshen Python, kuma ra'ayina shi ne ya cancanci zama kayan aikin farko da sabon shiga wannan sana'a zai ƙware a kansa, duk da wasu kurakurai da ya kamata mai aiki da Hausa ya sani tun da wuri.

Dalilin dacewarsa da aikin jarida yana cikin asalinsa. An fara gina shi a 2003 a jaridar Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas ta Amurka, inda Adrian Holovaty da Simon Willison suke fama da irin matsin da na bayyana, sannan aka sake shi kyauta ga kowa a watan Yulin 2005. Mutanen da suka tsara shi sun san cewa wakili ba zai jira mai rubuta manhaja ya gama ƙawata shafi ba kafin ya fara shigar da rahotonsa, kuma wannan sanin ne ya haifi abin da na fi yabawa a cikinsa, wato shafin gudanarwa. Da zarar mutum ya bayyana wa Django siffar bayanansa, misali cewa kowane labari yana da kanu da gundarin rubutu da sunan marubuci da ranar bugawa, sai ya samar da shafin da ma'aikata za su shiga da sunansu da kalmar sirri, su ƙara labari ko su gyara ko su goge. Ranar da na fara gwada wannan a wurin aiki, na rubuta layukan da ba su kai talatin ba, na kira wata wakiliya ta zauna a gaban kwamfutata, ta shigar da alƙaluman rumfunan zaɓe da kanta yayin da ni nake ci gaba da gina shafin da masu karatu za su gani. Aikin da muka zaci zai cinye kwana uku ya kammala kafin a tashi.

Akwai wasu buƙatun gidan jarida da ya zo da su tun daga gida, kamar samar da RSS, wato jerin sababbin labarai da wasu manhajoji suke karɓa kai tsaye, da taswirar shafi da injunan bincike irin Google suke bi, da tsarin raba izini ta yadda wani zai iya rubutu amma ba zai iya gogewa ba. Haka kuma yana kare shafi daga hare-haren da aka fi sani, irin cusa umarni cikin rumbun bayanai ta akwatin bincike. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sabon ma'aikaci bai san duk ƙofofin da ɓarawo zai iya bi ba, kuma kafar labarai tana da maƙiya fiye da shagon sayar da takalma. Shafin PolitiFact mai tantance maganganun 'yan siyasar Amurka, wanda ya sami lambar yabo ta Pulitzer a 2009, da Django aka fara gina shi, kuma kamfanin Instagram ma da shi ya taso, abin da ke nuna cewa yawan masu ziyara ba zai durƙusar da shi ba idan an tsara aikin da kyau.

Matsalar da ta fi shafar mu ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. Django yana da wata hanya ta ɗaukar kanun labari ya mayar da shi gajeren adireshi, kuma a yadda aka saita ta tun asali, tana watsar da duk harafin da ba ta iya mayarwa zuwa baƙaƙen Turanci. Saboda haka ƙ da ɗ da ɓ sukan ɓace gaba ɗaya, "ƙasa" ta koma "asa", "ɗalibai" su koma "alibai", "ɓarayi" kuma su zama "arayi". Gyaran ba shi da wuya, domin ana iya umartarsa ya bar haruffan yadda suke, ko kuma a rubuta 'yan layukan da za su mayar da ƙ zuwa k kafin a samar da adireshin. Ni na fi son hanya ta biyu, saboda adireshi mai haruffa na musamman yakan rikiɗe ya zama dogon jerin lambobi da alamomi idan aka kwafe shi zuwa wasu manhajojin aika saƙo. Abin da nake jaddadawa shi ne a yi gyaran kafin a fara buga labarai, domin sauya adireshin da mutane suka riga suka yaɗa aiki ne mai wahala.

Shafin gudanarwar da na yaba ma yana da iyaka. Ya dace da shigar da alƙaluma, amma bai zo da wurin rubutu mai sauƙin saka hoto ko kaurara kalma ba, kuma ba shi da matakan da labari zai bi daga wakili zuwa edita kafin a buga. Gidan jaridar da ke son wannan sai ya ɗora masa Wagtail, wato tsarin rubuta labarai da sarrafa su, wanda kamfanin Torchbox na Ingila ya gina a kan Django ya kuma fitar a 2014. Ɗora shafin Django a kan uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet, ma ya fi na WordPress wuya, wato shiryayyen tsarin buga rubutu a intanet, kuma ƙaramar kafar da buƙatarta ba ta wuce buga labarai da hotuna ba, gaskiya WordPress zai ishe ta. Django yana nuna amfaninsa ne idan ana son gina abin da babu shi a kasuwa, kamar rumbun kasafin kuɗin jihohi ko taswirar wuraren da ambaliya ta shafa.

Ga mai neman shiga aikin, littafin jagoransa na intanet yana cikin mafi tsari da na taɓa karantawa, sai dai yana buƙatar Turanci mai ɗan ƙarfi. Darasin Django Girls, ƙungiyar da aka kafa a 2014, ya fi sauƙi ga wanda bai taɓa rubuta manhaja ba. Ina ba da shawarar a koyi Python na 'yan watanni tukuna, sannan a zaɓi fitowar Django da ake yi wa gyaran tsaro na tsawon shekara uku, kamar 5.2 da ta fito a watan Afrilun 2025, a gina ƙaramin aiki guda da bayanan gaske wanda za a iya nuna wa edita ranar ganawar neman aiki.