Gargaɗi ga masu gidajen burodi da maƙera a Katsina kan tankunan baƙin mai

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu sana'ar da ke buƙatar wuta mai ƙarfi suke neman makamashi mai sauƙin kuɗi, kuma ta wannan ƙofa ce wani mutum yake shiga gidajen burodi da wuraren masu ƙera tukwanen alminiyam a cikin garin Katsina. Yana nuna hoton tanki a waya, ya ce daga waje aka shigo da shi, ana ɗura masa baƙin man da bakanikai suke juyewa daga inji, a hura masa iska, iskar ta riƙa turo man zuwa murhu. Yakan karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami. Wasu daga ranar ba su sake samunsa a waya ba.

Waɗanda ya kai wa kayan kuwa sun fi shiga haɗari, domin abin da yake kawowa tsohuwar tukunyar iskar gas ce, ko tankin iska irin na masu faci, da ya sayo a wurin 'yan gwangwan, ya huda, ya yi masa walda, ya shafe da sabon fenti. Fentin ya rufe shekarar ƙira, alhali a ƙa'idar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, tukunyar gas ba ta wuce shekara 15 ana aiki da ita. Shi kuma tankin iska, ruwa ne ke kwanciya a gindinsa, tsatsa ta ci ƙarfen ta ciki inda ido ba ya gani. Babu bawul ɗin da zai saki iska idan ta yi yawa. Ga shi baƙin man gareji sau da yawa yana gauraye da fetur ɗin da aka wanke kayan inji da shi, kuma tururin fetur da matsattsiyar iska a gefen wuta abu ne da ke tarwatsa tanki da wanda ke tsaye kusa da shi.

Duk wanda aka yi wa wannan tallan, kada ya ba da ko sisi sai ya ga tankin da idonsa, an kankare fentin, an kuma gwada ƙarfinsa da ruwa, domin gwaji da iska shi kansa haɗari ne. Masu burodi su sani cewa hayaƙin baƙin mai yana ɗauke da guba, bai kamata ya taɓa abinci ba. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana shaidar banki, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda.