Wane ruwa za ka saya wa na'urar ɗumama motar tafi-da-gidanka?

Duk wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ya san yadda muke yi da lagireto. In allurar zafi ta hau, sai a faka gefen titi, a sayi fiya-wata biyu a ɗura, a ci gaba da tafiya. Wannan ɗabi'a ba ta da mazauni a Jamus ko Ingila ko Suwidin, musamman ga wanda ya sayi motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda Turawa ke yawon hutu da ita. Ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan kumburin ya isa ya tsaga bututu cikin dare ɗaya na hunturu.

Kafin ka je kanti, duba irin na'urar da ke motarka, don wata ba ta bukatar ruwan hana daskarewa ma sam. Truma Combi, ta kamfanin Jamus, iska mai zafi take hurowa, saboda haka ba ruwanka da galan ɗin kowa. Na'urorin dizal irin su Webasto Thermo Top da Eberspächer Hydronic kuwa, in an haɗa su da layin ruwan injin, to abin da kamfanin da ya ƙera injin ya ce shi za ka bi. Da yawa daga cikin motocin nan a Turai a kan motar kaya Fiat Ducato aka gina su, kuma littafin motar ya faɗi ruwan da ake so. Inda zaɓi yake da wahala shi ne na'ura mai ruwanta daban, wadda ta fi shahara a ciki ita ce Alde, ta kamfanin Suwidin da aka kafa a 1949. Tukunya ce ke ɗumama ruwan, ƙaramin famfo ya tura shi cikin bututun alminiyam da ya zagaye jikin bango, ɗumi ya tashi a hankali ba ƙara ba ƙura.

Ruwan da ke cikin bututun nan haɗin ruwa ne da sinadarin gilaikol, kuma aiki biyu yake yi. Na farko kowa ya sani: hana daskarewa. Na biyu shi ne wanda masu saye suke mantawa, alhali a kansa kuɗinka zai tafi. A cikin galan ɗin akwai magungunan hana tsatsa da cin ƙarfe. Shi gilaikol yana daɗewa da ƙarfinsa, amma waɗannan magunguna ƙarewa suke yi. In sun ƙare ruwan ya fara tsami, ya riƙa cin alminiyam daga ciki. Za ka auna ka ga har yanzu ba ya daskarewa, ka ce lafiya lau, ashe tukunya tana ruɓewa. Wannan ne dalilin da ya sa ake canja ruwan bisa shekaru, ko da motar ta fi zama a gareji.

To ga abin da za ka tarar a kan kanta. Akwai tsohon yayi, mai launin shuɗi ko shuɗi-kore, wanda ake kira G11. Waɗannan lambobi na G daga ma'aunin Volkswagen suka samo asali, sauran kamfanoni suka ara. G11 yana da silikat, wanda ke shafe alminiyam da wani siririn rufi nan da nan. Yana da araha, amma silikat ɗin yana saurin ƙarewa, shi ya sa a tsarin Alde shekara 2 ake ba shi. Sai G12 da G12+, ja ko ruwan hoda, waɗanda ba su da silikat ko kaɗan. Suna daɗewa a injin da aka ƙera dominsu, amma kada kamannin suna ya ruɗe ka, ba su ne ake nema wa wannan tukunyar ba. Sai sabon yayi: G12++, G13 da G12evo, masu launi tsakanin ruwan hoda da shunayya. Waɗannan sun haɗa silikat da magungunan da ke daɗewa, kuma su ne ake ba shekara 5. G13 an sa masa gilisarin a madadin wani kaso na gilaikol. Ban da wannan, aikinsu kusan ɗaya ne.

Lissafin ba shi da wuya. Mai shekara 2 ya fi sauƙin kuɗi a ranar saye, amma a cikin shekara 10 sau 5 za ka canja shi, wancan sau 2. Kuma canjin ba buɗe murfi ba ne a zuba. Sai an turo tsohon ruwan waje da famfo na musamman, a ɗura sabo, sannan a bi bututu ana fitar da iskar da ta maƙale, wani lokaci har sai an karkata motar gaba da baya. Kuɗin aikin bakanike a Turai ya ninka kuɗin ruwan. Ni dai ban ga hikimar rowa a nan ba.

Kada ka sayi ruwa da launi. Rini ne kawai, babu dokar da ta ce ja abu kaza ne, kuma kamfani biyu na iya sa launi ɗaya a ruwa biyu da ba sa ga maciji da juna. Juya galan ka karanta lambar da ke bayansa. In ka sayi motar hannu ba ka san abin da ke ciki ba, kada ka yi ciko a kai da abin da ka samu; wasu haɗe-haɗen suna kama jiki su yi kauri kamar kunu, su toshe famfo. Gara a wanke layin gaba ɗaya a fara daga farko, ka rubuta kwanan wata ka manna kusa da tanki.

Akwai kuma rabuwa tsakanin etilin gilaikol da furofilin gilaikol. Na Turai da muka ambata duk etilin ne. Yana ɗaukar zafi da kyau, sai dai guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi, abin da ke jawo yara da karnuka da kyanwoyi. Masu yin sa da yawa suna ƙara masa abu mai ɗaci saboda haka, amma wannan bai sa a bar galan a ƙarƙashin gadon yara ba, kuma tsohon ruwan wurin karɓar shara mai guba ake kai shi, ba a zuba a kwata. Furofilin ba shi da wannan haɗarin sosai, amma ya fi kauri a sanyi. Shi ne ya fi yawa a Amurka, inda na'urori irin su Aqua-Hot suke bukatar nau'insa na tukunyar ɗumama. Can ma akwai wani mai ruwan hoda da ake ɗura wa bututun ruwan sha don ajiyar hunturu. Wannan ba na ɗumama ba ne, kada ya shiga tukunya.

Saura tambayar haɗaɗɗe ko tsantsa. Tsantsa ya fi riba in za ka cika layi duka, amma sai ka sirka shi da kanka, da tataccen ruwa irin na batir, don ruwan famfo na kudancin Ingila, alal misali, cike yake da farar ƙasa da ke bin bututu ta daskare. Kashi 40 na gilaikol da 60 na ruwa yana kare ka zuwa wajen digiri 25 ƙasa da sifili. Rabi da rabi ya kai wajen 37. Kada ka wuce rabi. Mutane suna zaton kullum yawansa ƙarin kariya ne, alhali etilin gilaikol zalla yana daskarewa tun a wajen digiri 13 ƙasa da sifili, kuma bai kai ruwa ɗaukar zafi ba. Haɗaɗɗe ya raba ka da duk wannan. Ka biya kuɗin ruwan da aka sirka maka, ka huta.

Abin da zan saya in na'urar Alde ce a motata: haɗaɗɗen mai shekara 5 da littafin na'urar ya amince da shi, da lita ɗaya ta ajiya don ciko. In garanti bai ƙare ba, na kamfanin kansa zan ɗauka, don kada gobe a samu abin faɗa. Zan haɗa da ɗan madubin awon nan da ake ɗiga wa ruwan a leƙa, wanda ya fi ma'aunin nan mai ƙananan ƙwallaye masu yawo a cikin ruwan gaskiya, da takardun gwada tsami, tunda madubin ƙarfin hana daskarewa kawai yake nunawa. Tankin ciko yawanci a cikin wadirof yake ɓoye; in na'ura ta yi sanyi, ruwan ya tsaya kamar santimita 1 sama da layin da ke nuna mafi ƙarancin ruwa a jikin tankin.

Gilaikol ɗin nan duka, ko wanne ka zaɓa, layin ɗumama kaɗai yake karewa. A cikin tukunyar akwai wani ɓangare daban na ruwan wanka mai ɗaukar wajen lita 8, kuma ruwa ne zalla. In za ka ajiye motar a hunturu ba wuta, buɗe bawul ɗin ƙasa da duk kawunan famfo, ka bari ya tsiyaye ƙarƙaf.