Gargaɗi ga masu neman kwamfutar gem ta hannu: ana sauya wa katin hoto suna

Jama'a, musamman matasa masu tara kuɗi don sayen kwamfutar buga gem, da masu niyyar buɗe gidan gem a unguwa, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa ko sisi.

Ɗan yayata tela ne, wata takwas yana zubin adashe. Ya ga talla a wani shafin saye da sayarwa: kwamfuta ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita, wai daga Landan aka shigo da ita, ƙwaƙwalwarta Core i7, RAM 16, katin hoto (na'urar da ke sarrafa hoton wasa a allo) GTX 1050 Ti mai 4GB, cikin akwatin gilashi mai fitilu kala-kala. Mai kayan ya turo masa bidiyon wasan GTA V na tafiya sumul, ya ce mutum biyu na jira, in yana so ya ba da kafin alƙalami a ranar. Ya tura rabi, aka ɗoro kaya a motar haya, ya cika sauran a tasha. Bayan kwana uku ya kira ni: "Kawu, da na shiga wasa sai ta fitar da ni."

Da na je, Windows ta nuna min GTX 1050 Ti ɓaro-ɓaro. A nan ha'incin yake, kuma shi ya fi ɓata min rai, domin yaron bai yi sakaci ba, ya duba inda aka koya masa ya duba. Katin tsohon GTS 450 ne na shekarar 2010, aka sake rubuta manhajar da ke cikinsa don ya riƙa amsa sunan katin 2016. Windows kuwa abin da kati ya faɗa mata shi take maimaitawa. Ma'adanarsa ta gaskiya ba ta kai 4GB ɗin da yake ikirari ba, shi ya sa ƙananan wasanni ke tashi, amma da zarar wasa ya nemi fiye da abin da ke akwai sai komai ya tsaya cak.

Ana gane shi tun kafin a kunna. Ku leƙa bayan katin: in kun ga shuɗiyar kafar VGA ta jona wayar allo, ku ja da baya, don 1050 Ti na asali ba ya fitar da hoto ta wannan tsohuwar hanya. Sannan akwai manhajar GPU-Z, kyauta ce. Na asali tana nuna masa ƙwayoyin aiki 768, GTS 450 kuwa 192 kacal, kuma sau da yawa takan rubuta gargaɗin jabu a gaban sunan. In mai kaya ya ce kada ku sauke direban Nvidia (manhajar da kamfanin katin ke fitarwa don tafiyar da shi) daga intanet, ku tsaya kan wanda ya saka muku, to ya tona wa kansa asiri, sabon direba ba ya karɓar katin.

Shi kuma i7 ɗin ba ƙarya ba ne, yaudara ce. i7-2600 ne na 2011, an ciro shi da allonsa daga tsohuwar kwamfutar ofis aka sa masa sabuwar riga. Ku riƙa tambayar lambar da ke bayan i7, ita ke nuna zubinsa, wato tsoho ne ko sabo. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida sai Intel zubi na takwas zuwa sama, wannan i7 ɗin kuwa bai kai nan ba. Na ɗaga akwatin rarraba wutar ma, an rubuta 500W amma ba shi da nauyi ko kaɗan. Da irin wutarmu mai hawa da sauka, wannan shi ke fara ƙonewa, wani lokaci ya tafi da sauran kayan.

Ba cewa nake kayan hannu haramun ne ba. Tawa ma ta hannu ce, kuma tana aiki. Ko katin RX 580, da suka cika kasuwa bayan an daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a Satumba 2022, akwai masu lafiya a cikinsu, akwai waɗanda suka sha wuta dare da rana har suka gaji. Gwaji ne kawai ke raba su. Ku je da ƙafarku, da filashin da ke ɗauke da GPU-Z da CrystalDiskInfo, wadda ke nuna awa nawa ma'ajiyar bayanai ta yi tana aiki. Ku sa a buɗe akwatin. Ku kunna wasa mai nauyi da hannunku na rabin awa, kuna kallon zafi da ko allo zai fara zane-zane. Bidiyon da aka turo a waya ba shaida ba ne, ba ku san da wace kwamfuta aka ɗauke shi ba. Wanda ya ce ba wuta, ba lokaci, sai dai a biya a aiko, ku bar masa kayansa.

Mun kira mutumin, ya ce laifin wutar gidanmu ne. Washegari lambar ta daina shiga. A makon jiya na sake ganin hoton akwatin nan mai fitilu, da bidiyon GTA V ɗin nan, an sa su da wani suna da wata lamba daban. In kun ci karo da shi, ku sanar da ƙannenku.